Ranar da Olavo Ya Bi Jerin Gwano Ba Takalmi

Makau,
30 ga Afrilu, 1984.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Benvinda,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwar ƙanwar da ta daɗe rabonta da fuskar yayarta. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Casimiro da yara, kuma kun yi bikin Ista cikin kwanciyar hankali. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a sana'arku, ya tsare ku a wannan babban gari na São Paulo, wanda duk sanda Mama ta ji sunansa a rediyo sai ta laluɓo carbinta. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da damshi ya fara janyewa. Kin san yadda bangon gidan nan yake zufa a watan Maris har gishiri ya narke a kwalba. Gwaggo Quitéria tana nan yadda kika bar ta, haƙora sun ƙare amma bakin bai ƙare ba. Maigidana Adérito yana nan kan aikinsa, yara kuma sun koma makaranta. Garin kofin da kika aiko ya iso. Mama ta ɓoye rabi a ƙasan akwatin zannuwa ta ce na baƙi ne, kuma har yau ba a yi baƙon da ya isa a buɗe masa ba.

Na san kina jin haushina don na daɗe ban amsa takardarki ta watan Janairu ba, wadda kika ce Casimiro ya samar wa ƙanenmu Olavo aiki a garejin abokinsa, kuma ku a shirye kuke ku aiko da tikitin jirgi. Ba raini ba ne, Yaya. Amsar ce ba ni da ita a lokacin. Yanzu na same ta, amma sai na ba ki labarin yadda aka yi daga farko, don in na faɗa miki ita kaɗai za ki ce mun haukace gaba ɗayanmu.

Ba kya nan lokacin da abin ya faru, kuma a takardunmu mun riƙa taƙaita miki don kada hankalinki ya tashi. Abin da kika sani shi ne Olavo ya buge mutum da motar kayan da yake tuƙawa, mutumin ya rasu, aka ɗaure shi shekara biyar. Abin da ba mu faɗa miki sosai ba shi ne daga walimar auren abokinsa ya fito, a buge, da rana tsaka, kuma wanda ya buge ɗin Matias Leong ne, mai gidan burodin nan na gangaren São Lourenço, wanda muke sayen burodinsa tun muna 'yan makaranta. Yana kan kekensa da kwandon burodi a baya. Ya bar matarsa Cecília da 'yarsu Jacinta, wadda a lokacin ba ta gama firamare ba. Cecília ce ta ci gaba da riƙe gidan burodin har yau, mu kuwa tun daga ranar muke zagayawa can kasuwa mu sayi wanda bai kai nasu daɗi ba.

Olavon da ya fito bara ba shi ne wanda kika sani ba, mai raha da waƙa a bakin ƙofa. Ya rame, ya yi shiru, ko ƙamshin giya ba ya so. Yana zaune a ɗakin baya yana gyara fanka da rediyon maƙwabta. Coci ma sai ta asuba yake zuwa, ya tsaya can bayan ginshiƙi, ya fice kafin a watse. Kin san garin nan, tafin hannu ne. In mutum ya yi atishawa a Barra sai a ce masa sannu a Mong Há. Ba mai zaginsa a fili, amma in ya shiga shago sai hira ta mutu. Don haka da takardarki ta zo na yi murna ƙwarai, na kai masa har ɗaki na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe yana juya sukurdireba a hannu, sannan ya ce, “Ki gode wa Yaya da mijinta. Amma ba zan sulale in bar garin nan kamar ɓarawo ba. Sai na bi Ubangiji a jerin gwanon bana, ba takalmi, kowa ya gan ni. Bayan nan sai a yi maganar jirgi.”

Mama da ta ji sai ta fashe da kukan daɗi, ta ce addu'arta ce ta karɓu. Adérito ya ce shi dai bai ga amfanin tono abin da ya fara kwanciya ba. Gwaggo Quitéria kuwa ta ajiye cokalinta ta ce, “Kai Olavo, tuban naka sai da 'yan badujala? Allah kurma ne, da sai ka fita dandali ka gaya masa? Ka shiga ɗaki ka durƙusa mana, ko ba ka da gwiwa?” Ya ce mata a ɗaki ya yi shekara biyar yana durƙuso. Ta ce to ai shi ke nan, an ji, a miƙo mata kifi. Ya je ya sami Fada Anselmo, ya furta zunubansa, ya gaya masa niyyarsa. Fada ya ce hanya ta kowa ce, ba a taɓa hana mai tuba bin Ubangiji ba.

Ana saura mako guda a yi jerin gwanon na je wurin mai ɗinki karɓo rigar mala'ika ta ƙaramar 'yata, sai na ga wata doguwar riga a rataye da farin mayafi. Na tambaya, mai ɗinkin ta ce ta Veronikar bana ce, wato budurwar da za ta rera waƙar makoki a jerin gwanon, kuma Jacinta Leong aka zaɓa, don a duk 'yan matan ƙungiyar mawaƙa ba mai muryarta. Na dawo na gaya wa Olavo, na roƙe shi ya bari sai baɗi. Ya ce wataƙila Allah ne ya shirya haka don su gani da idonsu cewa bai manta ba. Na ce masa to aƙalla ya tsaya can ƙarshen layi inda ba za ta hango shi ba, ya ce ya yarda.

Ranar Asabar da yamma aka ɗauko siffar Ubangiji daga cocin Santo Agostinho aka kai babban coci kamar kullum. Ranar Lahadi, ta farko a azumi, muka taru don mayar da shi. An yi yayyafi tun safe, duwatsun titi sai santsi. Komai yana nan yadda kika sani: maza cikin rigunansu na shunayya sun saɓa karagar a kafaɗa, Ubangiji a sama ya sunkuya ƙarƙashin gicciye, 'yan badujala suna busa waƙar makoki a hankali, yara mala'iku suna taka wa juna fukafukai, tsofaffi mata da baƙin mayafi da kyandir, Sinawa masu shaguna sun fito bakin ƙofa suna kallo cikin natsuwa. Olavo ya cire takalmansa a bakin coci ya miƙo mini, na sa a jakata. Ya nufi ƙarshen layi kamar yadda ya yi alkawari, amma masu tsara tafiyar da suka gan shi ba takalmi sai suka kama hannunsa suka kai shi inda masu alwashi suke tsayawa, dab da bayan karagar. Kin san can ne wurinsu tun kaka da kakanni. Ni na manta da wannan, shi ma ya manta. Ya waiwayo ya kalle ni, amma an riga an fara tafiya, jama'a sun rufe baya.

Da aka iso zango na farko aka sauke karagar a kan sanduna, kiɗa ya tsaya. Aka ajiye ɗan bencin, Jacinta ta hau. Yaya, yarinyar ta girma, kuma goshin ubanta ne sak. Ta fara waƙar da murya siririya mai tsabta, har na ji tsigar jikina ta tashi, tana warware ƙyallen nan mai fuskar Ubangiji a hankali, tana juyawa don kowa ya gani. Tana juyowa ɓangarenmu sai idonta ya faɗa kan Olavo, yana tsaye bai fi tsawon tabarma biyu daga gare ta ba, ƙafafunsa cikin ruwa. Muryar ta yanke. Bakinta a buɗe, amma ba abin da ke fita. Dandali ya yi tsit, har kana jin mai tallan gyaɗa can wani lungu. Fada ya matso yana raɗa mata kalmomin da ke gaba, yana zaton mantuwa ce. Mutane suka fara bin inda take kallo da ido, ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya gane. Wani daga cikin masu ɗaukar karaga ya ce, ba da ƙarfi ba amma an ji, “Haba, shi ma dai. Yau ɗin ma ba zai bar su ba?”

Sai Cecília ta fito daga cikin mata, ta ratsa ta zo ta tsaya gefen bencin, ta kama bakin rigar 'yarta ta riƙe. Ko kallon Olavo ba ta yi ba. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya ce ya fita. Shi da kansa ya sunkuyar da kai, ya ratsa ta tsakanin jama'a, suna dare masa, ya shige lungun da ke gefen shagon mai magungunan gargajiya. Bayan ya ɓace yarinyar ta ja numfashi, ta naɗe ƙyallen, ta sake ɗauko waƙar daga farko, kuma ta kai ta har ƙarshe ba gargada. An ce a sauran zangunan ma haka ta yi, har mata suna kuka. Ni ban gani ba, don na bar Mama da Adérito na bi shi.

Na same shi zaune a dokin ƙofar wani rufaffen shago, babban yatsansa na jini inda dutse ya yanke shi. Na miƙa masa takalman, ya riƙe su a cinya bai sa ba. Muna jin kiɗan yana nisa. Can ya ce, “Zulmira, ni na zaci wahalata zan nuna musu. Ashe tasu na je na ƙara.” Gaskiya kuwa ya faɗa. Muka bi ta lunguna muka koma gida. Da Mama ta dawo ba ta yi maganar ba, ta dafa ruwan zafi da gishiri ta ajiye masa a ƙofar ɗaki. Gwaggo ma, abin mamaki, ranar ba ta ce uffan ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba abin da ake zance a gari sai wannan. Wasu suka ce rashin kunya ne, wasu suka ce niyyarsa mai kyau ce hankali ne bai kai ba. Mama ta daina zuwa kasuwa da kanta. Olavo ya daina fita ko cocin asuba, ya ce in rubuta miki ki aiko da tikitin, ko gobe ne ya shirya. Har na sayo takarda da kan sarki.

Ranar Alhamis da hantsi ina taya Mama jiƙa busasshen kifin Juma'a sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Cecília, da garin fulawa a hannun rigarta, da alama daga gidan burodi ta taho kai tsaye. Mama ta fito tana goge hannu tana cewa ta shigo, ta zauna, a kawo shayi. Ta ce ba zama ta zo yi ba, ba kuma shayi, a kira mata shi. Olavo ya fito ya tsaya jikin bango kamar ɗan makarantar da za a yi wa bulala. Zan rubuta miki abin da ta ce yadda na riƙe shi, don da Sinanci ta yi maganar kuma ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ta ce, “Ban zo yafe maka ba, kada ma ka sa wannan a ranka. Ka cire takalmi na rabin yini, ƙafa ta yi ciwo ta warke, kai a ganinka an yi wani abu. 'Yata tun Kirsimeti take koyon waƙar nan. Rana ɗaya ce tak da za a kalle ta a ce ga mai murya, ba a ce ga marainiyar mai burodi ba. Ita ma ka zo ka tsaya mata a gaba.” Olavo ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce bai gama ji ba.

Ta ce ta ji an ce zai tafi Brazil, kuma ba mai riƙe shi. Amma akwai surukarta, mahaifiyar Matias, wadda kowa ke kira A-Po. Ni wallahi na ma ɗauka tsohuwar ta rasu, don na daɗe ban gan ta ba. Ashe tana nan a hawa na huɗu na tsohon benen da suke haya a bayan gidan burodin, ƙafafunta sun mutu tun kafin haɗarin. Matias ne yake goyo ta a bayansa duk Lahadi ya sauko da ita, ya kai ta coci, daga nan ya kai ta bakin ruwa ta sha iska, ya mayar da ita. Tun da ya rasu sau ɗaya ta sauko, da aka kai ta asibiti, kuma 'yan dakon da aka ɗauka suka kusa kayar da ita daga kan kujera a matakala, ta rantse ba za ta sake hawa kujerar kowa ba. Fada ne yake kai mata jibin Ubangiji har ɗaki. Cecília ta ce, “Bayan da yake goyon ta kai ka karya shi. In abin ɗauka kake nema, ga shi nan. Sai dai ba badujala, ba 'yan kallo.” Mama ta tambaye ta ko tsohuwar ta san da wannan magana, kada a je a tayar mata da hankali. Cecília ta ce, “Ita ta aiko ni. Ni da ta ni ce, da ban tako gidan nan ba.” Wai da aka ba tsohuwar labarin abin da ya faru a dandali sai ta ce, wannan mai neman wahalar a titi, a gaya masa akwai wahala a sama tana jiransa. Cecília ta juya ta fita. Gwaggo, wadda duk tana laɓe bayan labule, ta leƙo ta ce, “To, ga irin limamin da ya dace da kai. Fada Anselmo ya cika sanyi.”

Ranar Lahadi na raka shi. Matakalar benen siririya ce, duhu, ga tsayi, ga warin gawayi da soyayyen kifi. Jacinta ce ta buɗe ƙofa. Tana ganinmu ta juya ta shige ɗaki ta rufe. A-Po tana zaune bakin gado ta riga ta shirya, cikin baƙar rigarta mai maɓalli a gefe, an taje mata gashi, carbi a wuya. 'Yar mitsitsiya ce, sai ido. Olavo ya durƙusa a gabanta ya fara magana, ta katse shi ta ce, “Tashi, ba wannan na kira ka ba. Juya in ga bayan.” Ya juya. Ta miƙa hannu ta latsa kafaɗarsa kamar mai tayin kaza, ta ce, “Ƙashi zalla. A gidanku ba a ba ka abinci ne? A kan wannan katakon zan zauna?” Cecília ta kawo wani dogon zane ta ɗaura ta a bayansa, ta ja kullin da ƙarfi har ya yi nishi, ta ce a hankali dai, ta koma gefe.

Yaya, ban taɓa ganin tafiya irin wannan ba. Ina gaba ina sauka da baya don in tare in an zame. Tun daga matakin farko tsohuwar ta sa bakinta dab da kunnensa ta fara ba shi labarin Matias. Ta ce a nan yake tsayawa ya gyara ta, a nan yake cewa ta yi nauyi ta rage cin faten shinkafa, a wannan kwanar ya taɓa buge mata kai da bango ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Ta gaya masa yadda ta haife shi a cikin jirgin ruwa lokacin yaƙi, da yadda yake tsoron kyankyaso har ya girma, da yadda yake ajiye mata ɓawon burodin farko don ya san shi take so. Ba da fushi take faɗa ba, hira kawai take, kamar wadda ta daɗe tana neman wanda bai taɓa ji ba. Olavo sai hawaye, ga hannayensa biyu suna tallafe da ita, ba halin sharewa. Da ta ji bayansa yana girgiza sai ta ƙwanƙwashi kansa da maficinta ta ce, “Kai, kada ka yi mini kuka a matakala. Ka zame ka kashe ni ni ma?” Ya haɗiye, ya ci gaba da sauka.

Da muka fito titi ta rufe ido saboda haske, sannan ta buɗe ta dinga kalle-kalle. Ta tambayi ina bishiyar da ke bakin rijiya, aka ce an sare. Ta tambayi mai gyaran takalmi, aka ce ya rasu. Ta ce to, su suka sani. Haka ya haura gangaren da ita a baya, ya hau matakalar cocin São Lourenço, ya shiga da ita ta babbar ƙofa har bencin gaba inda ta ce nan ne wurinta, kuma matar da ke zaune a wurin ta tashi ba musu. Cecília ta ce ba 'yan kallo, amma coci cike take, kuma ba wanda bai juyo ba. Wannan karon dai Olavo bai ma lura da su ba, yana ta fama da kullin zane. Bayan an tashi ta ce bakin ruwa sai wani makon, yau ta gaji. Ya mayar da ita sama, yana haki kamar zai faɗi, ya sauke ta a kan gado. Ba ta ce ta gode ba. Ta ce, “Lahadi mai zuwa ka zo da wuri. Matias bai taɓa sa na rasa karatun farko ba.”

Tun daga ranar bai fasa ba. Ya kai ta ranar Juma'a Mai Tsarki ta sumbaci gicciye, ya kai ta ranar Ista, yanzu har bakin ruwan suna zuwa, ta sa shi ya saya mata rake ta tsotsa. Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Cecília ba ta ce masa komai sai “a hankali”. Jacinta har yau in ta ji takunsa a matakala sai ta bar falon, kuma ni ban ga laifinta ba ko kaɗan. Tsohuwar ma wata rana tana da daɗin hira, wata rana tun daga sama har ƙasa ba za ta ce masa kanzil ba, ya dawo gida ya shige ɗaki. Amma yana fita da rana yanzu, yana gaisawa da mutane. Yana kuma cin abinci, don Mama ta ɗauki zancen ƙashin nan a matsayin cin fuska gare ta. Tun da azumi ya wuce kullum sai ta yi masa minchi, soyayyen niƙaƙƙen naman nan, da ƙwai biyu a sama, ta tsaya a kansa sai ya cinye, tana cewa ba za a ce ɗanta katako ba ne a gidan mutane.

Don haka, Yaya, ki gode wa Casimiro ƙwarai, ki ba shi haƙuri, ya gaya wa abokinsa ya ba wani aikin. Kada ku sayi tikitin. Jiya na sake tambayar Olavo don in tabbatar kafin in rubuta, na ce masa dama irin wannan ba kullum take zuwa ba, kuma tsohuwar nan da irin bakinta tana iya kai shekara ɗari. Ya ce Allah ya kai ta. Ya ce muddin A-Po tana da rai yana nan. Sannan ya ɗan yi murmushi, wanda rabon da in ga haka tun kafin a ɗaure shi, ya ce, “Ki gaya wa Yaya ina son ganinta ƙwarai. Amma don Allah kada ta yi addu'ar in zo da wuri.”

Mama tana gaishe ki da kyau, ta ce ki aiko da hoton yara na kwanan nan, wanda ke wurinta Telmo bai ma yi haƙoran gaba ba. Gwaggo Quitéria ta ce a gaishe ki, kuma wai in kin ƙara ƙiba kada ki ɓoye mata. Adérito yana gaida Casimiro. Ki shafa mini kan Telmo da Iolanda, ki ce musu innarsu tana sa su a addu'a kullum. Ki gaida Gwaggo Ermelinda in kin je Santos, da duk 'yan Makau da kuke haɗuwa da su bayan coci. Olavo ya ce zai rubuta miki da hannunsa, amma kin san shi da alƙalami, kada ki zauna jira.

Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai kewarki kullum,
Zulmira.